Kofbol: yadda ake buga shi, da yadda ake jagorantar tawagar ƙasa zuwa gasar duniya

Kofbol, wanda za ka gani a rubuce da korfball a takardun gasa, wasa ne da aka tsara tun daga tushe don kada mutum ɗaya ya iya cin wasa shi kaɗai. Ba a gudu da ƙwallo, ba a buga ta a ƙasa ana tafiya da ita, kuma idan mai tsaronka ya tsaya maka yadda doka ta tanada, ba ka da ikon jifa ko da kai ne gwanin gwanaye. Kowace ƙungiya mutum takwas ce, mata huɗu da maza huɗu, a fili ɗaya, kuma ƙwallon da mace ta ci daidai take da wadda namiji ya ci. Duk kocin da bai riƙe wannan a zuciyarsa ba, zai iya tara dogayen samari ya kai su gasa, amma zai dawo yana mamakin abin da ya same shi.

Wani malamin makaranta a Amsterdam, Nico Broekhuysen, shi ya ƙirƙiro wasan a 1902, bayan ya halarci wani kwas a Nääs ta ƙasar Suwidin, inda ya ga ana jefa ƙwallo cikin zobe a saman sanda. Yana neman wasan da ɗalibansa mata da maza za su buga tare ba tare da ƙarfi ya danne wayo ba. A 1903 aka kafa hukumar wasan a Holan. An nuna shi a gasar Olamfik ta Antwerp a 1920 da ta Amsterdam a 1928, sannan a 1933 Holan da Beljiyam suka kafa hukumar duniya, wadda yau ake kira IKF. Gasar cin kofin duniya ta fara a 1978, kuma Holan ce ke lashe ta kowane karo, in ban da 1991 da Beljiyam ta karɓe a gidanta. Ka san wannan tun yanzu, domin shi zai gaya maka irin burin da ya dace ka ɗora wa tawagarka.

Mataki na farko: fili da kayan aiki

Filin cikin ɗaki mita 40 ne a tsawo, mita 20 a faɗi, an raba shi gida biyu daidai: ɓangaren hari da ɓangaren tsaro. A kowane ɓangare akwai turke mai tsayin mita 3.5 da kwando marar gindi a samansa, faɗin bakinsa wajen santimita 40. Turken ba a ƙarshen fili yake ba, yana ciki, mita 6.67 daga layin baya, kuma babu allo a bayansa kamar na ƙwallon kwando. Saboda haka ana zagaya shi ta kowace kusurwa, ana jifa daga gaba, daga gefe, har daga baya. Ƙwallon mai lamba 5 ce, kusan girman ta ƙafa, amma ta fi ta riƙuwa a hannu da tsalle. Ana yi wa yara ƙasa da turken, a ba su ƙwallo mai lamba 4.

Idan kuna farawa ne ba ku da ɗakin wasa, fili mai laushi da turke biyu sun isa. Abu ɗaya da ba zan yarda a yi wasa da shi ba shi ne tsayin turken. Wanda ya saba jifa a mita 3 zai sha wahala ranar da ya tsaya gaban mita 3.5, domin hannunsa ya riga ya haddace wani awo dabam. A auna da tef, a kuma tabbatar gindin turken yana da nauyi kuma ba shi da bakin da zai kama ƙafar mai gudu.

Mataki na biyu: dokokin da ke juya wasan

Mutum takwas ɗin nan ana raba su rukuni biyu, kowane rukuni mata biyu da maza biyu. Rukuni ɗaya ya fara a hari, ɗayan a tsaro, kuma ba wanda zai taka layin tsakiya ya shiga ɓangaren da ba nasa ba yana wasa da ƙwallo. Duk lokacin da aka ci ƙwallo biyu a wasan, ko wace ƙungiya ce ta ci, sai a yi musaya: masu hari su koma tsaro, masu tsaro su koma hari. Don haka a kofbol babu ɗan gaba na dindindin, babu ɗan baya na dindindin, babu mai tsaron gida. Kowa sai ya iya duka biyun.

Mace take tsaron mace, namiji yake tsaron namiji. Idan namiji ya tare mace tana shirin jifa ko miƙa ƙwallo, laifi ne, haka ma akasin haka. Ba a ƙwace ƙwallo daga hannun wanda ya riga ya riƙe ta, ba a ture mutum, ba a riƙe shi, ba a taɓa ƙwallo da ƙafa, ba a naushinta, ba a miƙa ta hannu da hannu sai ta tashi a iska. Mai riƙe da ƙwallo yana iya juyawa a kan ƙafa ɗaya, amma ba zai ci gaba da tafiya ba.

Dokar da ta fi kowace nauyi ita ce ta jifa a tsare. Ana cewa an tsare mai hari idan abu huɗu suka haɗu a lokacin da ƙwallo ke barin hannunsa: mai tsaron ya fi shi kusa da turke, yana kusa da shi gwargwadon tsawon hannu, fuskarsa na kallonsa, kuma da gaske yana ƙoƙarin tare ƙwallon. Idan huɗun nan sun cika ya yi jifa, alƙali zai hura usur, ko ƙwallon ta shiga ba a ƙirga ta, kuma ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Ka lura, ba a ce sai mai tsaron ya taɓa ƙwallon ba. Gajere yana iya tsare wanda ya fi shi tsawo da taƙi guda, in dai ƙafarsa ta kai shi wurin a kan lokaci. A nan ne kofbol ya rabu da sauran wasannin kwando. Tsawo ba ya saya maka jifa, sai ka motsa ka kuɓuce wa mai tsaronka, ko da na rabin daƙiƙa ne.

Akwai wata doka da 'yan ƙwallon kwando ke yawan faɗawa cikinta: ba a yarda ka ratsa dab da abokin wasanka don mai tsaronka ya yi karo da shi, sannan ka yi jifa. Abin da yake dabara a can, laifi ne a nan.

Hukunci hawa uku ne. Ƙaramin laifi, a sake tayar da wasa daga wurin. Laifi mai nauyi da mai tsaro ya yi, a ba masu hari miƙawa ta kyauta daga ɗigon da ke mita 2.5 gaban turke, kowa ya ja baya mita 2.5, kuma mai ƙwallon yana da daƙiƙa huɗu bayan usur ya sake ta; ba ya jifa kai tsaye, sai ya ba wani an dawo masa da ita. Idan kuwa laifin ya hana damar ci a fili, fanareti ne daga wannan ɗigon, ba mai tarewa. A manyan gasanni akwai agogon daƙiƙa 25: cikin wannan lokaci dole ƙwallon masu hari ta shiga ko ta taɓa kwando, in ba haka ba sun rasa ta.

Mataki na uku: koyon jifa

Jifan nesa shi ne tushe. Hannu biyu ake sa wa, yatsu a buɗe a gefen ƙwallo, manyan yatsu a bayanta, ƙwallon a gaban fuska. Ƙarfin daga gwiwa yake tasowa, hannu rakiya kawai yake yi, kuma ya miƙe ya bi ƙwallon har ta tafi. Tun da babu allo, dole ƙwallon ta yi sama ta sauko cikin kwando daga bisa. Sabon ɗan wasa ya fara daga mita uku, kada ya ja baya sai jifansa ya zauna. Wanda ya yi gaggawar zuwa mita bakwai zai fara tura ƙwallo da kafaɗa, kuma gyara wannan ya fi koyarwa daga farko wuya.

Na biyu shi ne jifan kutsawa. Idan mai tsaronka ya matso sosai don ya hana ka jifan nesa, sai ka wuce shi da gudu zuwa turke, abokinka ya miƙo maka, ka ɗaga ƙwallon daga ƙasa da hannu biyu ko ɗaya ka sa ta a kwando kana cikin tafiya. Na uku jifan kaucewa: ka nufi turke kamar za ka kutsa, mai tsaro ya ja baya, sai ka dasa ƙafa ka fanɗare gefe, ka karɓi ƙwallo, ka jefa kafin ya dawo. Waɗannan ukun a haɗe suke aiki. Wanda ba ya cin na nesa, ba mai matsowa kusa da shi, don haka ba zai taɓa samun hanyar kutsawa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma jifan nesa ne ke tsaga bangon.

Fanareti kuwa kowane ɗan wasa ya yi ta maimaita shi a ƙarshen atisaye, lokacin da ya gaji, domin a haka zai same shi a gasa.

Mataki na huɗu: aikin mutum huɗu a hari da tsaro

A ɓangaren hari ayyuka uku ne ke yawo tsakanin mutum huɗu: mai jifa, mai miƙawa da ke tsaye kusa da turke yana fuskantar waje, da mai tsinta da ke ƙarƙashin kwando yana jiran ƙwallon da ba ta shiga ba. Ana fara hari yawanci da kowa a waje, ana zagayawa ana miƙa ƙwallo. Sai mutum ɗaya ya shige ya kama wurin tsinta, uku na waje. Daga nan wani ya shigo wurin miƙawa, biyu su rage a waje suna fafatawa da masu tsaronsu. Masu horarwa suna kiran waɗannan tsare-tsare 4-0, 3-1 da 2-2, kuma za ka ji ana kwala su daga benci.

Ina so ka daɗe a kan tsinta, domin ita ce sababbin ƙungiyoyi suka fi rainawa. Ko a wurin ƙwararru, yawancin jifan nesa ba sa shiga. A ce rukuninka yana cin ɗaya cikin jifa shida. Idan kowace ƙwallo da ta kuskure abokan hamayya ne ke tsince ta, kowane hari jifa ɗaya ne kacal. Idan kuwa kuna tsince rabin waɗanda suka kuskure, yawan jifanku a kowane hari ya ƙaru da fiye da rabi, ba tare da wani ya ƙara ƙwarewa a hannu ba. Ga kuma agogon daƙiƙa 25 da ke komawa farko duk lokacin da ƙwallo ta taɓa kwando. Saboda haka dokar da za ka kafa wa 'yan wasanka ita ce: ba a jifan nesa sai an ga mai tsinta ya kama wurinsa. Kama wurin kuma aikin ƙafa ne da kafaɗa da sanin inda ƙwallo za ta faɗo, ba tsalle kaɗai ba. Mai tsinta nagari yana karanta jifan abokinsa tun ƙwallo na sama: gajere ne, zai dawo gaba, ya yi tsawo, zai faɗa baya.

A tsaro, tushe shi ne mutum da mutum: gwiwa a lanƙwashe, ƙafa ɗaya gaba, hannu ɗaya sama, ido a kan ƙirjin mai hari, ba a kan ƙwallo ba. Tazara ita ce dukan sirrin. Ka matsa da yawa, ya wuce ka. Ka ja da yawa, ya jefa. A kusa da turke sai rukuni ya zaɓa: ko a tsaya gaban mai miƙawa a hana shi karɓar ƙwallo, ko a tsaya bayansa a riƙe wurin tsinta. Ba a samun duka biyun a lokaci guda, kuma dole mutum huɗun su yi magana da juna da murya. Mata biyu suna iya musayar waɗanda suke tsaro, haka maza biyu, amma namiji ba zai ceci mace ba idan an wuce ta, ita ma ba za ta cece shi ba. Wannan gaskiyar ce za ta bi ka har zuwa zaɓen tawagar ƙasa.

Mataki na biyar: hanyar zuwa gasar duniya

Tawagar ƙasa ba ta shiga gasa sai ta hannun hukumar ƙasa da ke cikin IKF, wadda ke da mambobi wajen 70. Ka fara tabbatar da cewa hukumarku ta biya kuɗin mamba kuma ba ta da bashi, domin irin wannan ƙaramin abu yana hana rajista. Ana yin gasar duniya duk shekara huɗu: Shaoxing ta Sin a 2011, Beljiyam a 2015, Durban ta Afirka ta Kudu a 2019, wanda shi ne karon farko a nahiyar Afirka, sai Taipei ta Taiwan a 2023 da ƙasashe 24. Gurbin shiga ana samun sa ne daga gasar nahiyoyi da ake yi shekara guda kafin nan: ta Turai, ta Asiya da Oshiyaniya, ta nahiyar Amurka, da ta Afirka, inda Afirka ta Kudu da Zimbabuwe suka daɗe suna karawa. Akwai kuma gasar World Games ta wasannin da ba sa cikin Olamfik, wadda kofbol ke ciki tun 1985, amma wannan ta 'yan saman tebur ce. Ma'ana, shirinka na shekara huɗu ne, kuma ranar da ta fi muhimmanci a cikinsa ita ce ta gasar nahiya.

Ƙasashe biyu sun cancanci ka yi nazarinsu. Taiwan, wadda ke wasa da sunan Chinese Taipei, ta gina wasanta a makarantu da jami'o'i, ta dogara da sauri da daidaiton jifa don rufe gibin tsawo. Ta zo ta uku a 1991, ta sake samun wannan matsayi a bayan Holan da Beljiyam a 2011, 2015 da 2019, sannan a 2023 ta kai wasan ƙarshe a gidanta. Suriname kuma ta bi wata hanya: ta tattaro 'yan asalinta da ke wasa a kulob-kulob na Holan, ta zo ta shida a Durban. Hanya ta biyu tana da sauri, kuma halal ce in takardun ɗan ƙasa sun cika ƙa'idar IKF. Amma a ganina ta farko ce ke barin wani abu a ƙasa bayan wannan zubin 'yan wasa ya yi ritaya.

Mataki na shida: zaɓen 'yan wasa da haɗa rukuni biyu

A nan aikin koci yake na gaskiya. Ba mutum takwas mafi ƙwarewa kake nema ba, rukuni biyu kake ginawa, kowanne da mai cin ƙwallo daga nesa, da mai tsinta, da mai miƙawa mai ido, kuma dukansu su iya tsaro. Ka tuna yadda musaya take: mutum huɗun da rukuninka ke kai wa hari, su ne dai za su dawo su kai masa hari bayan ƙwallo biyu. Wato wasa ɗaya a zahiri karawa biyu ce ta huɗu da huɗu. Idan ka tara gwanayenka a rukuni ɗaya, ɗayan zai maƙale: ya kasa ci a hari, wasa ya tsaya a kansa, ko kuma a yi ta zura masa a tsaro. Abokan hamayya masu wayo za su gano raunin cikin minti biyar.

Ɓangaren mata shi ne inda ake cin gasa ko a faɗi, kuma ina faɗin haka da dukan zuciyata. Ƙasashen da wasan bai daɗe ba sukan samo maza daga ƙwallon kwando cikin sauƙi, sannan su nemi mata a cike gurbi. Ƙungiya mai hankali za ta lura cewa matanku ba sa jifa, sai matanta su bar su, su koma ƙarƙashin kwando su kwashe duk wata tsinta. A hari kuma za su bi ta kan mata su yi ta ci, mazanku suna kallo, doka ta ɗaure musu hannu. Don haka lokacin atisaye, da yawan jifa, da kulawar koci, a raba su daidai. Ka nemi 'yan wasan netbol inda ake yin sa, kamar Ingila, Ostireliya, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, domin sun saba da rashin gudu da ƙwallo da jifa ba allo. 'Yan ƙwallon kwando suna zuwa da ido da tsalle, amma sai an yaye su daga buga ƙwallo a ƙasa ana tafiya da jifa a kan mai tsaro.

Tawaga ce ta mata da maza da za su yi tafiya tare, saboda haka amanar iyaye da mazajen aure tana wuyanka. A sa mace babba cikin jami'ai, a raba masauki, a rubuta ƙa'idar zama kowa ya sa hannu, a kuma sanar da 'yan wasa wanda za su kai wa ƙara idan wani abu ya faru, ko da kocin ne da kansa. Idan akwai masu son dogon wando ko ɗankwali, a rubuta wa masu shirya gasa tun da wuri a samu amsa a rubuce, kada a bari sai a bakin fili.

Masu jiran canji kuma a zaɓe su da manufa. Mace ce ke canjin mace, namiji ke canjin namiji, don haka benci ma rabi da rabi ne. Ka tafi da mai tsaro ɗaya a kowane jinsi wanda za ka iya saka wa gwanin abokan hamayya, da wanda hannunsa ba ya rawa a fanareti. Kyaftin ya zama wanda ɓangarorin biyu ke jin maganarsa, mace ce ko namiji.

Mataki na bakwai: sansani

Gwamma gajerun haɗuwa a kai a kai cikin watanni da dogon sansani guda ɗaya dab da tafiya. Rukuni yana buƙatar lokaci kafin mutum ya san inda abokinsa zai juya ba tare da ya duba ba. Tsakanin haɗuwa, kowa ya tafi da aikin gida: adadin jifa a kowane mako daga wurare dabam-dabam, a rubuta nawa aka jefa, nawa suka shiga.

A sansani a yi wasa da agogon daƙiƙa 25 ko da da agogon waya ne, a kuma nemo alƙali mai tsauri. Yawan tawagogi suna isa gasa da ɗabi'un da alƙalan gida ke ƙyalewa, taku fiye da kima ko hannu a jikin mai hari, sai su sha usur a wasan farko har su rikice. Tsawon wasa ya danganta da gasa. Akwai mai rabi biyu na minti 25, akwai mai kashi huɗu na minti 10, kuma agogo yana tsayawa idan wasa ya tsaya. Ka gano wanda za a yi amfani da shi ka saba da shi. A gasa ana wasa kusan kowace rana, don haka a gwada kwana uku a jere a ga wanda jikinsa ke ɗauka. Ku zauna ku kalli bidiyon wasannin Korfbal League ta Holan, kulob irin su PKC, Fortuna da TOP, amma a ba kowa abu ɗaya ya bi da ido, misali ƙafafun mai tsinta, maimakon bin ƙwallo. In akwai hali, wasan sada zumunci da wani kulob na Holan ko Beljiyam ya fi atisaye goma nuna muku inda kuke.

Mataki na takwas: takardu, kuɗi da magani

Wannan kada ya zama aikin koci. A naɗa manajan tawaga. Fasfo, biza, tikiti, inshora, katin rigakafi, jesi kala biyu masu lamba, da jerin sunaye kafin ranar rufewa. Idan gasar a yankin Schengen take, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ana iya neman biza tun wata shida kafin tafiya, ana buƙatar inshorar lafiya ta Yuro 30,000, kuma fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa. Kofbol ba wasan kuɗi ba ne, a ƙasashe da yawa 'yan wasa ne ke haɗa wani kaso na kuɗin tafiyarsu. A gaya musu gaskiyar lissafin tun farko, kada a yi alkawarin alawus da ba a riƙe a hannu ba.

Batun magani yana buƙatar zama na musamman. IKF tana bin dokar hukumar WADA mai yaƙi da shan magungunan ƙara kuzari a wasanni, kuma a dokar, ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ya sani ko bai sani ba. Tun 1 ga Janairu 2024 tramadol yana cikin abin da aka haramta a lokacin gasa. Wasu magungunan mura ma suna ɗauke da sinadarin da ke jawo matsala, haka haɗe-haɗen ƙarin kuzari da ba a san abin da ke ciki ba. Kowa ya kawo duk abin da yake sha likita ya duba, kuma mai ciwon da ke buƙatar magani na dindindin, kamar asma, a bincika ko yana buƙatar takardar izini kafin a tashi.

Mataki na tara: a wurin gasa

Ku isa da wuri gwargwadon nisan tafiya. Masu zuwa Taipei daga Turai sun haɗu da bambancin awa shida zuwa bakwai, kuma jiki ba ya daidaita da wannan a dare ɗaya. Ku nemi atisaye a ainihin filin, domin haske, santsin daɓe da taurin kwando duk suna canja jifa. Ka halarci taron jami'ai da kanka, ka tambayi yadda ake miƙa jerin rukunai, yawan canji da hutun koci da aka yarda, da yadda ake raba gardama idan an tashi kunnen doki.

Ka duba jadawali ka ware wasannin da za su yanke matsayinku. Idan kun faɗa rukunin gasa ɗaya da Holan ko Beljiyam, za a ci ku da yawa, kuma ba abin kunya ba ne. Ka ba 'yan wasa ƙananan burin da za su iya cimmawa a irin wannan wasa: kada agogo ya ƙare mana ba mu taɓa kwando ba, mu tsince kaso kaza, kada mu ba da fanareti na ganganci. Ka huta da manyan 'yan wasanka a rabi na biyu, ka ajiye ƙafafunsu don ƙasar da kuke kai ɗaya da ita. A gasar duniya ana buga wasannin tantance matsayi har ƙasa, don haka bambancin zama na 15 da na 19 yana iya rataya a kan wasa ɗaya da za a yi a rana ta bakwai, lokacin da kowa ya gaji.

A benci, ka sa mutum ɗaya yana rubuta jifa, ci da tsinta na kowane rukuni dabam. Idonka zai bi ƙwallo, takardar ce za ta gaya maka wane rukuni ne ke nutsewa. Idan an ci ku uku a jere, nemi hutu, ka faɗi abu ɗaya ko biyu kawai, ka kira sunan wanda zai yi. Canji kuma ka yi shi don gyara karawar da ake cin ku a kanta, ba don huce haushi ba. Kada ka yi jayayya da alƙali a kan jifa a tsare. Hukunci ne na ido cikin ƙiftawa, kuma 'yan wasa suna kwaikwayon abin da suka ga kocinsu na yi. Bayan kowane wasa: ruwa, abinci, miƙe jiki, gajeren taro, barci. Wanda bai buga ba a yau, ka same shi kai da shi ka gaya masa dalili da kuma wasan da kake shirya shi dominsa.

Bayan an dawo

Cikin mako biyu ka rubuta wa hukuma rahoto: alƙaluman kowane rukuni, raunin da aka ji, abin da aka kashe, da sunayen waɗanda shekarunsu za su kai gasa ta gaba. Ka zauna da kowane ɗan wasa ka ba shi abu biyu da zai gyara. Lambobin kociyoyi da jami'an da ka haɗu da su a can, ka yi amfani da su tun ba su manta da kai ba, ka nemi kwas na alƙalai da masu horarwa, ko turaku da ƙwallayen da wani kulob ya daina amfani da su. Sannan ka raba 'yan tawagar zuwa makarantu, mace ɗaya da namiji ɗaya a kowace makaranta, su fara da wasan huɗu da huɗu a turke mai gajarta, domin daga cikin yaran nan za ka zaɓi tawagar 'yan ƙasa da shekara 19 da za ta shiga gasar nahiya mai zuwa.